Famfo ya iso bakin unguwarmu, sokawe ya tare shi

Unguwarmu tana yammacin Kano, gaba da sabuwar Jami'ar Bayero, cikin gonakin nan da aka yanka aka sayar a awon igiya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa lokacin da muka tashi neman a jawo mana ruwan famfo, duk wata takarda ta hannuna ta bi. Yau ruwa yana zuwa a babban layinmu, alhamdu lillahi, amma har yanzu in na tuna kuɗin da lunguna suka cinye mana sai raina ya ɓaci.

Zancen ofisoshi ba zan ja shi ba. Kansila ya faɗa mana tun farko cewa babban bututu na jiha ne, abin da ƙaramar hukuma za ta iya shi ne burtsatse mai sola da kuma sa baki. Mai unguwa da dagaci suka sa hannu, takarda ta tafi. Mun san ruwan Kano daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari yake fitowa, kuma bai ishi tsofaffin unguwanni ba balle mu 'yan bakin gari, don haka jira bai ba mu mamaki ba. Muka yi karo-karo gida-gida don ƙananan bututun da za su shiga lunguna, tunda wannan a wuyanmu yake.

Ranar da injiniya ya zo, bai ko tambayi kuɗi ba. Tef ya zaro ya auna lungun farko: ƙafa goma. Ya tako murfin kankare a gindin katangar dama, ya tako wani a gindin ta hagu, ga kwata tana gudu a tsakiya. Ya dube ni ya ce, "Malam, a ina kuke so in binne muku bututun?" Kowane gida ya fito da sokawensa waje, cikin hanya, don kada ya ci filin ɗaki.

Bayanin da ya yi mana a tsaye ya kashe mana jiki. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. In aka ɗauke, bututu yana zama fanko, sai ya riƙa zuƙo duk ruwan da ke kewaye da shi ta mahaɗa ko ta 'yar tsaga. In abin da ke kewaye da shi tsatsar sokawe ce, ita za a fara tara wa yara a bokiti ran da aka kawo ruwa. Babu wanda ya yi musu, domin ba mu manta da amai da gudawar 2021 ba, wadda ta kashe sama da mutum dubu uku a Najeriya, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Sharaɗinsa ɗaya ne: a cike sokawen gefe guda kaf, masu su su sake haƙawa a cikin gidajensu, a gyara kwatar da siminti. A nan kuɗin bututu ya tafi. Wani ba shi da hali, sai ƙungiya ta ɗauke masa. Wani yana da hali amma ya ce shi fa ba za a fasa masa tsakar gida ba, sai da liman da dattawa suka yi ta zarya. Muna cikin wannan jan ƙafa aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, farashin bututu da siminti ya tashi. Abin da a da zai kai ruwa har ƙarshen unguwa, da ƙyar ya kai shi babban layi. Lungunan ciki har yau 'yan garuwa ne ke tura musu kura.

Ba na ganin laifin injiniyan. Haushina yana kan waɗanda suka yanka gonar. Sun matse hanya don su ƙara fuloti, ba su bar wurin magudana ba, suka karɓi kuɗi suka tafi. Fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin kusan mita 15 ne kawai a kowane gefe, alhali tazarar da ake so tsakanin rijiya da masai ta kai mita 30. Ko burtsatsen da kansila ya yi tayi, sai da aka sha wahala kafin a samo inda za a haƙa shi.

Duk unguwar da za ta nemi famfo, kada a karɓi ko sisin kowa sai an kawo mai sani ya zaga lunguna da tef, ya nuna gefen da bututu zai bi. Wannan gefen a hana haƙa sokawe a cikinsa tun kafin a yi gini, a rubuta, mai unguwa ya sa hannu. Yanzu haka ana yanka wata gona a bayanmu. Mun je wurin mai unguwa mun ce, "Ranka ya daɗe, kada ka shaidi cinikin kowa sai an bar hanya ƙafa talatin." Ya amince, dillalan kuma tun daga ranar ba sa gaishe ni.