Yadda na auna sauyin farashi a jimillar kuɗin da ƙasa ke kashewa

Aikin da aka ba ni shi ne in fitar da yadda farashi ya sauya cikin shekara 20 a jimillar abin da wata ƙasa ke kashewa, wato kuɗin da magidanta ke kashewa, da na gwamnati, da jarin da ake zubawa a gine-gine da injuna da kayan da ke jibge a ma'ajiya. Lissafin kansa ba shi da wahala: ana ɗaukar jimillar kowace shekara bisa farashin wannan shekarar, a raba ta da jimillarta bisa farashin shekarar tushe (wato shekarar da aka zaɓa don a riƙa gwada farashin sauran shekaru da nata), a ninka da 100. Idan ta farko 660 ce, ta biyu 550, ma'aunin ya zama 120, ma'ana farashi ya ƙaru da kashi 20 cikin 100.

Na ɗauko alƙaluman daga rumbun bayanan Bankin Duniya da rahotannin hukumar ƙididdigar ƙasar, na jera su a jadawali ɗaya. Sai na ga a tsakiyar jerin ma'aunin ya faɗi warwas, kamar an wayi gari kaya sun yi araha. Na kwana biyu ina neman dalili a tarihin tattalin arzikin ƙasar, ashe laifin nawa ne: hukumar ta sauya shekarar tushe, ni kuma na haɗa tsohon jeri da sabo ba tare da na duba bayanin da ke ƙasan jadawalin ba. Gyaran shi ne in nemo shekarar da ta fito a jerin biyu, in yi amfani da ita wajen daidaita su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya zo ne da na gwada sakamakon da ma'aunin farashin abin da ƙasar ke samarwa a cikin gida. A shekarar da kayan da take fitarwa waje suka yi tsada, wancan ya yi sama ƙwarai, nawa kuwa bai motsa sosai ba, domin kayan da aka shigo da su suna cikin lissafina, waɗanda aka fitar kuma ba sa ciki. A ganina, mai son sanin tsadar da mazauna ƙasa ke fuskanta ya fi dacewa ya dubi nawa, ko da yake shi ma ba ya maye gurbin ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda bai ƙunshi albashin gwamnati ko kuɗin injuna ba. Saboda haka na sa duka ukun a rahoton, kowanne da shekarar tushensa a rubuce a samansa.