Yadda na haɗa wa ɗakin kwamfutarmu nasa Linux ɗin

A ƙarshen 2023 ne shugaban wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Kano, wanda abokin yayana ne, ya kira ni ya ce in zo in duba musu ɗakin kwamfuta. Na je na tarar da kwamfutoci 18, wasu na tebur wasu laftof na hannu irin waɗanda ake sayowa a Beirut Road, duk Windows 7 ne a kansu, ga bairos ya cika su maƙil saboda kowa da filashinsa yake zuwa ya soka. Ram ɗin yawancinsu giga 2 ne, huɗu ma giga 1 kacal. Malam ya ce min, "Ɗan'uwa, kuɗin sababbi dai babu, abin da nake so yaran nan su iya taifin su saba da linzami kafin su shiga JAMB, kar su je ranar jarrabawa hannu na rawa." Na ce to Malam, a ba ni wata ɗaya. Wata ɗayan nan sai da ya zama kusan biyar.

Da farko niyyata kawai in dora musu Linux ɗaya bayan ɗaya in kama gabana, amma da na yi guda uku na ga kowacce sai na sake saita abu iri ɗaya, cire wannan, saka wancan, gyara allon rubutu, sai na ce gara in haɗa ISO ɗina guda, wato fayil ɗin da ake girka Linux da shi, wanda komai yana ciki, a soka filashi a girka a tashi. Daga nan fa aikin ya koma haɗa distiro, wato nau'in Linux nawa na kaina, duk da cewa ƙarami ne.

Shawara ta farko ita ce a kan wa zan gina. Ubuntu na fi sabawa da shi, amma abu biyu suka hana ni. Sun daina fitar da tsarin 32-bit tun tuni, kuma tun daga 22.04 Firefox ɗinsu ta hanyar Snap, wato tsarinsu na kunshe manhaja, yake zuwa, a tsohon hadis (hard disk) mai juyawa kuwa sai ka danna ka zauna kana jira kafin ya buɗe. Arch ban ma daɗe ina tunaninsa ba, kullum cikin sabuntawa yake, mu kuma data da kuɗi muke saye. Sai Debian 12, wato bookworm, da ya fito a watan Yunin 2023. Abin da ya ja ni gare shi shi ne a wannan fitowar ce suka fara saka famwaya ta kamfanoni, wato 'yar manhajar da ke sa na'urori irin su katin wayales aiki, a cikin ISO ɗinsu na hukuma, bayan ƙuri'ar da masu aikin suka kaɗa a 2022, kafin nan sai ka girka ka tarar wayales ba ya aiki, kuma ba ka da intanet ɗin da za ka sauko da abin da zai sa shi aiki. Akwai waɗanda suka ji haushin wannan hukunci don suna ganin an saki akidar manhaja mai 'yanci, ina girmama su wallahi, amma ni da na tsaya a gaban laftof goma da ba su da kebul ko ɗaya na netwok na san amfanin da ya yi min. Duk da haka katin wayales na Broadcom da ke cikin wasu tsofaffin bai samu shiga ba, shi nasa famwayar sai an sauko da ita daga intanet ta kunshin firmware-b43-installer, dole na riƙa jona wayata da kebul ina ba su intanet ɗaya bayan ɗaya.

Kayan haɗin kuma live-build na ɗauka, na Debian ɗin kansu, ka rubuta sunayen kunshin da kake so a fayil, ka zuba saitunanka a folda, ka buga lb build ka tafi sallah ka dawo. Na sa Calamares a matsayin mai girkawa saboda malamin kwamfuta na makarantar ya iya yi da kansa ko ba na nan, hotuna ne da maɓallin gaba gaba. Fuskar da mai amfani zai riƙa gani a allo kuwa na gwada LXQt da Xfce a kan mafi rauninsu, LXQt ya ɗan fi sauƙin ram amma Xfce na zaɓa, don yana da tsarin kiyos da zan kulle sandar ƙasa yara ba za su goge ta ba, kuma na fi sanin lungu da saƙonsa. Na ƙara zram, wanda ke matse abin da ke cikin ram maimakon a riƙa jibga shi a hadis, wannan kaɗai ya sa masu giga 1 suka iya buɗe LibreOffice ba tare da sun sandare ba.

Maganar systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji in an kunna kwamfuta, ita ma ta ci min kwanaki. Na karanta rigimar da aka yi lokacin da Debian 8 ya koma kansa a 2015 har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan, na ji kamar in bi su tunda injinana tsofaffi ne. Na gwada duka biyun a kan laftof ɗaya ina duba agogo, bambancin lokacin tashi bai kai abin da zan ɗora wa kaina ɗawainiya ba, kuma duk bayanin gyara da malamin zai nema a intanet da systemctl ake rubuta shi. Na bar shi yadda Debian suka kawo.

Inda na yi kuskure na farko shi ne 32-bit. Na ɗauka duk tsohuwar kwamfuta 32-bit ce tunda Windows ɗin da na tarar a kansu haka yake, sai na haɗa ISO ɗaya na i386, wato 32-bit, na dora wa kowa. Sai daga baya na buga lscpu a kan ɗaya na ga ashe Core 2 Duo ce, tana ɗaukar 64-bit lafiya lau. Da na bi su duka, huɗu ne kawai ba sa iyawa, masu Atom N270 da Core Duo na farko. To yanzu ISO biyu zan riƙa haɗawa saboda inji huɗu, ko in bar kowa a 32? Na zaɓi biyu, na sake girka 14 ɗin nan daga farko, kuma na gode Allah da na yi hakan, don da Debian 13 trixie ya fito a watan Agustan 2025 babu kanel, wato zuciyar Linux, ko mai girkawa na i386 a cikinsa. Huɗun nan suna nan a bookworm, tallafinsa na dogon zango zai kai tsakiyar 2028, na riga na faɗa wa Malam ya fara tanadin maye gurbinsu.

Abin da na fi ba wa zuciyata a aikin nan shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ina jin ciwo in ga yaro ya rubuta kasa alhali ƙasa yake nufi, ba don bai sani ba sai don allon bai ba shi ba. A Linux akwai tsarin allon Hausa tun asali a ƙarƙashin Najeriya, akwai ma na Ghana, kuma akwai saitin yanki na ha_NG. Amma ni ina son yaro ya riƙe allon Turanci yadda zai same shi a ɗakin jarrabawa, sai kawai in ya danne Alt na dama da k ya samu ƙ, da d ya samu ɗ, haka b da y. Na rubuta wannan da kaina, na zaɓi fon ɗin DejaVu da Noto don suna da haruffan duka, ba za ka ga ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar baƙuwa ba. Ranar da muka gwada, wata yarinya 'yar aji biyu ta rubuta "ɗan ƙaramin ɓera" ta tsaya tana kallon allon, sai ta goge ta sake rubutawa, ta kira ƙawarta ta ce zo ki gani tana yin ƙa mai ƙugiya. Malamin Hausa kuwa tun daga ranar a ɗakin yake buga tambayoyin jarrabawarsa, da da biro yake bi yana saka lanƙwasar bayan an buga.

Fassara menu zuwa Hausa kam na ajiye ta. Abin da na tarar an fassara kaɗan ne, rabi Hausa rabi Turanci zai fi rikita yara, kuma ni kaɗai ba zan iya ɗaukar dubban layuka ina bin su duk lokacin da manhaja ta canza ba. Har yanzu abin yana raina, aiki ne na jama'a da ya kamata a yi shi can a tushe inda kowa zai amfana.

Sai babbar wahalar. Don in rage cin wuri da lokacin tashi, na ɓoye menu na GRUB, wanda ke fitowa a farkon tashi don a zaɓi kanel, gaba ɗaya, na kuma sa a riƙa goge tsohon kanel da zarar sabo ya sauka, sannan na kunna unattended-upgrades don su riƙa sabunta kansu. A takarda duk daidai ne. Wata Laraba da rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar saka sabon kanel, na teburin ba su da UPS, laftof ɗin ma batirinsu ya daɗe da mutuwa. Da aka tayar da janareto, biyar suka ƙi tashi, baƙin allo da rubutun kernel panic, saboda fayil ɗin initramfs, wanda kanel ke buƙata wajen tashi, bai gama rubutuwa ba, tsohon kanel ɗin da zai cece mu kuma rubutun da na saka da hannuna ya riga ya share shi. Malamin ya kira ni muryarsa a sanyaye, ga yara 'yan aji shida sun zo gwajin CBT suna tsaye a bakin ƙofa. Na hau adaidaita na zo da filashi, na tashi kowacce daga ISO, na shiga cikin tsarin da ke hadis ɗinta da chroot, na buga dpkg --configure -a sannan update-initramfs, ɗaya bayan ɗaya cikin zafin nan har bayan la'asar. Fayilolin yara ba su ɓata ba, ext4, tsarin da ke ajiye fayiloli a hadis, ya riƙe amana, amma darasin ranar ya tafi kuma laifina ne.

A daren na canza abubuwa uku. Kanel biyu za su riƙa zama ko yaushe, menu na GRUB ya dawo na daƙiƙa 3, sabuntawa ta kai tsaye kuma na kashe ta, sai ranar Asabar in janareto na aiki malamin ya danna wani gunki da na yi masa. Na kuma dora apt-cacher-ng a kan inji ɗaya, shi ke sauko da kunshi sau ɗaya sauran su ɗauka daga wurinsa, datar da muke ƙonawa ta ragu sosai. Masu haɗa manyan distiro suna aiki ne da tunanin wuta ba ta yankewa kuma intanet ba ya ƙarewa, ba laifinsu ba ne, haka garinsu yake, ni ne ya kamata in tuna inda nake.

Allon Hausan nan ma sai da ya koya min wani abu. Kai tsaye na gyara fayil ɗin da ke cikin /usr/share/X11/xkb, to da na gwada ɗaga inji ɗaya zuwa trixie sai kunshin xkb-data ya zo da nasa ya rufe nawa, ƙ da ɗ suka ɓace. Nan na zauna na koyi haɗa kunshin deb, irin kunshin manhajar Debian, yadda ya kamata, na tattara duk gyare-gyarena, allon rubutu da saitin Xfce da hoton bango, cikin kunshi ɗaya tal, na yi amfani da dpkg-divert don sabuntawa ta daina taka min fayil. Da ina da gyara sama da talatin a warwatse waɗanda ni kaɗai na san inda suke, yanzu distiron gaba ɗayansa Debian ne tsantsa da kunshi guda da jerin sunayen manhajoji, duk suna cikin ma'ajiyar git da bayani da Hausa.

Watan jiya wata makaranta a Wudil ta nemi a yi mata irinsa. Ban samu zuwa ba, malamin kwamfutar nan ne ya ɗauki filashi biyu ya tafi, ya kira ni sau ɗaya kawai a kan wata mai katin Broadcom, na ce ya jona wayarsa da kebul.