Harafi ɗaya ya cinye min kwana biyu

Har yanzu in na tuna daren Alhamis ɗin nan sai raina ya ɓaci. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada cikin Gombe, kuma kwamfutar shagon tana kan Debian 13, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, tun fitowarta a Agustan 2025, ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Kwaɗayin sababbin manhajoji ya sa na ce zan koma sid, reshen Debian da ake fara zuba sabon aiki kafin ya gangara testing, wato reshen gwaji.

Na kwafe fayiloli a faifan waje, na cika batir saboda ɗaukewar wuta, na bi ta testing tukuna, sannan na gyara sources.list, fayil ɗin da ke nuna inda za a ɗauko manhajoji, na juya shi zuwa sid. Duk wannan lafiya lau.

Sai na buga apt full-upgrade, umarnin sabunta dukan manhajoji. Rubutu ya zubo, aka tambaye ni ko a ci gaba, na danna Y, wato eh, ban karanta ba. Ashe a tsakiyar jerin akwai manhajojin da za a cire, ciki har da GNOME, mai nuna tagogi da gumaka a allo, da network-manager, mai haɗa kwamfuta da intanet. A sid, idan ana sauya wani babban ginshiƙi, sai a tarar ba a gama sake gina manhajojin da suka dogara da shi ba, shi kuwa full-upgrade yana da izinin tumɓuke su don ya daidaita lissafi. Ɗaya umarnin, apt upgrade kaɗai, ba ya cire komai. Na san wannan fa! Gaggawa ce kawai.

Da safe baƙin allo ya tarbe ni, ba intanet, ga ɗaliba a tsaye tana cewa, “Malam, yau fa zan miƙa aikin nan.” Dole na tura ta shagon maƙwabci. Ƙanena ne ya ce, “Yaya, duba /var/log/apt/history.log.” Nan na ga duk abin da na amince a cire da hannuna, a jere.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Debian ba ta tanadi hanyar komawa baya daga sid ba. Sai da na sake ɗora Debian 13 daga filashi, na mayar da fayilolin. Da ba don faifan wajen nan ba, da aikin mutane ya salwanta.

Yanzu sid tana kan tsohuwar laftof a gida, tare da apt-listbugs, mai gargaɗi kan manyan matsalolin manhaja kafin a ɗora ta. In na ga jerin cirewa ya ambaci abin da nake amfani da shi, N, wato a'a, nake dannawa, in jira kwana biyu ko uku in sake dubawa.