Idan jam'iyyarku ta fara kau da kai daga kalaman ƙiyayya

Ƙannena masu sha'awar siyasa, ku yi nazarin abin da ya samu jam'iyyar Labour ta Birtaniya daga 2015, da Jeremy Corbyn ya zama shugabanta, zuwa 2020. Da yawa cikinmu masu goyon bayan Falasɗinawa mun ɗauki duk wani ƙorafin ƙyamar Yahudawa a matsayin makircin 'yan adawa. Akwai siyasa a ciki kam, amma akwai gaskiya, kuma mun makara kafin mu rarrabe.

Sukar gwamnatin Isra'ila kan mamaye yankunan Falasɗinawa halas ce. Ƙyama tana farawa ne inda aka ce Yahudawa ke juya bankunan duniya da kafafen labarai, ko aka tsare Bayahuden unguwa sai ya amsa laifin Netanyahu. A 2012 an zana hoto a wani bango a gabashin Landan: attajirai, wasu da manyan hancina irin yadda masu ƙyama ke zana Yahudawa, suna wasan Monopoly na saye da sayar da kadarori a kan gadon bayan talakawa. Corbyn ya nuna a Facebook bai ga dalilin goge shi ba. Da maganar ta taso a 2018 ya ce ya yi nadama, bai duba hoton da kyau ba. To ku ku duba kafin ku yaɗa.

Kada jawabin shugaba ya ruɗe ku, ku bi sawun takardar ƙorafi. Wa ke karɓarta, wa ke yanke hukunci, wata nawa take kwana a ofis? Hukumar kare daidaito ta EHRC ta binciki ƙorafe-ƙorafe 70 na Labour, ta samu wurare 23 da ofishin shugaba ko wasu suka sa baki ba bisa ƙa'ida ba. A rahotonta na 29 ga Oktoba 2020 ta ce jam'iyyar ta saɓa wa dokar daidaito ta 2010 ta fuska uku: katsalandan, rashin horar da masu duba ƙorafi, da cin zarafi. Muddin na kusa da shugaba ne ke zaɓen wanda za a hukunta, 'yan ɓangarensa za su riƙa tsira.

Idan kun ga irin wannan kalami, ku ɗauki hotonsa da kwanan wata da sunan mai shafin kafin ya goge. Ku kai ƙorafi a rubuce, ku ambaci sashen kundin jam'iyya da aka karya, ku nemi shaidar karɓa. Ƙorafin baki a bayan taro iska ke ɗauke shi.

Kuma ma'auninku ya zama ɗaya. Rahoton 2022 na Martin Forde, lauyan da jam'iyyar ta sa ya yi bincike, ya nuna ɓangarorin jam'iyyar biyu, masu goyon bayan Corbyn da masu adawa da shi, duk sun mai da batun makamin faɗa, ga kuma saƙonnin WhatsApp na manyan ma'aikata suna wulaƙanta Diane Abbott, baƙar mace ta farko a majalisar dokokin ƙasar. Mambobi baƙaƙe da Musulmi sun koka cewa nasu ƙorafin ba ya samun irin wannan kulawa.

Idan kun ga ba gyara, ku fita kamar yadda Luciana Berger, 'yar majalisa Bayahudiya, da wasu 'yan majalisa 6 suka fita daga Labour a Fabrairun 2019. Ku rubuta dalilinku, ku aika wa sakatare, ku dakatar da kuɗin mamba da banki ke cira duk wata, in ba haka ba sunanku na nan cikin rajista ana ƙidaya ku.