Shaye-shaye da izinin ganin sirrin gwamnati a Amurka

Duk wanda aikinsa zai kai shi ga takardun sirri na gwamnatin Amurka, soja ne ko ma'aikaci ko tafinta a kamfanin kwangila, sai an tantance shi tukuna. Tantancewar tana farawa da fom mai lamba SF-86, kuma sashe na 23 ne yake tsorata mutane, domin a nan ake tambayar miyagun ƙwayoyi.

Tambayar ta shafi shekara 7 da suka wuce: me ka sha, yaushe ka fara, yaushe ne na ƙarshe, sau nawa, kuma kana da niyyar komawa? Ana tambayar saye da sayarwa da nomawa. Amma idan ka taɓa sha alhali kana riƙe da irin wannan izini, ko kana aikin ɗan sanda, babu ruwan fom da shekara 7; ko yaushe ne sai ka faɗa.

Masu yanke hukunci suna aiki da wani umarnin gwamnati na 2017 da ake kira SEAD 4, mai ƙa'idoji 13, kowacce da harafinta. Ta H ce ta shaye-shaye. A nan mutane da yawa ke tafka kuskure da wiwi. Jihohi irin su Kolorado da Kalifoniya sun halatta ta, ana sayar da ita a shago har da rasit, sai mutum ya ɗauka ba laifi. Dokar tarayya ake dubawa, ita kuwa ba ta halatta shan wiwi don nishaɗi ba. Haka maganin asibiti: tiramadol ko kodin da aboki ya miƙo maka, ko ka zarce ƙa'idar da likita ya rubuta, duk sun shiga lissafi. Man CBD, wanda ake samu daga ganyen dangin wiwi, shi ma yana da haɗari, domin idan sinadarin THC (mai sa maye) da ke ciki ya haura kashi 0.3 cikin ɗari ya zama wiwi a idon doka, ga shi abin da ke rubuce a jikin kwalba ba kullum yake daidai ba. Gwajin fitsari na iya tona shi.

Wanda yake kan sha a yanzu, ko ya kamu, ƙofa a rufe take: dokar da ake kira Gyaran Bond ta 2008 ta haramta a ba shi. Wanda ya daina kuwa yana da hanya. A Disambar 2021 shugabar hukumomin leƙen asiri ta wancan lokacin, Avril Haines, ta fitar da bayani cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ana duba ko abin ya daɗe, ko jefi-jefi ne, ko ka rabu da abokan shan, ko ka daina zuwa inda ake yi. Ana kuma karɓar takardar alkawari da ka sa wa hannu cewa ka bari, kuma ka yarda a ƙwace izinin idan ka koma. Ƙa'idar ba ta ƙayyade wata nawa za ka yi ba ka sha ba. Kowace hukuma da tsananinta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɓoyewa. Matashin da ya ja wiwi sau uku a jami'a yakan iya tsallakewa idan ya rubuta gaskiya. Idan ya rubuta "a'a", ya faɗa ƙa'ida ta E, wadda ta shafi halin mutum, ita kuwa wuyar wankewa gare ta. Mai bincike zai zauna da tsohon abokin ɗakinka, ya duba kundin 'yan sanda, wasu hukumomin leƙen asiri irin su CIA da NSA har na'urar gano ƙarya suke ɗaura wa mutum. Ƙarya a fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku shekara 5. Idan ka riga ka ɓoye, ka gyara da bakinka tun kafin a ajiye maka hujja a gaba, domin ƙa'idar ta E tana sassauta wa wanda ya yi hakan da wuri.

In an ƙi, za a aiko da takardar dalilai. Ma'aikacin kwangilar ma'aikatar tsaro yana da kwana 20 ya mayar da amsa a rubuce, yana kuma iya neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na ma'aikatar tsaro. Ya je da sakamakon gwaji, da shaidar kammala jinya in ya yi, da wasiƙun waɗanda suka san halinsa, domin duk shakkar da ta rage, tsaron ƙasa ake bai wa rinjaye.