Abin da Lp(a) ya koya mini a sashen masu ciwon zuciya

A farkon aikina, idan aka kawo wanda bai kai shekara hamsin ba da toshewar jijiyar zuciya, nakan fara da laluben laifinsa: ko yana shan taba, ko yana yawan cin maiƙo, ko ya yi sakaci da maganin hawan jini. Wani majinyaci ne ya raba ni da wannan ɗabi'a, domin duk abin da na tuhume shi da shi bai same shi ba, kwalastaral ɗinsa, wato kitsen jininsa, ma daidai yake, amma mahaifinsa da yayansa duk ciwon zuciya ne ya yi ajalinsu tun da ƙuruciyarsu. Da aka auna lipofurotin-a, wanda likitoci ke taƙaitawa da Lp(a), sai aka same shi ya yi yawa ƙwarai.

Hanta ce ke samar da wannan ƙwaya mai ɗauke da kitse, wadda likitan ƙasar Norwe Kåre Berg ya gano a 1963. Tana taimakawa wajen taruwar kitse a bangon jijiyoyin jini, kuma tana da hannu a ƙanƙancewar bawul ɗin babbar jijiyar zuciya, wato ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawanta a jini gado ne, kusan baki ɗaya; rage cin abinci ko motsa jiki ba sa taɓa ta sosai, magungunan satatin masu rage kwalastaral ma ba sa rage ta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da ita fiye da kima, kuma gwajin kitsen jini na yau da kullum ba ya nuna ta, abin da har yanzu yake damuna.

Tun 2019 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ba da shawarar kowane baligi ya auna ta ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Yanzu nakan tsaya in tambayi tarihin dangi da kyau kafin komai, in kuma nemi a gwada 'yan'uwa da 'ya'yan wanda aka samu da ita. Shi kansa nakan gaya masa gaskiya cewa ba sakacinsa ba ne, sannan mu tsananta kula da abin da ke hannunmu, wato sauran kwalastaral, hawan jini, suga da barin taba.