Noman wiwin masana'antu a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa

Ina noman wiwi a arewacin Ingila, a yankin Yorkshire, kuma da lasisin gwamnati nake yi. Na san yadda wannan magana take sauka a kunnen Bahaushe, don haka bari in share fage. Wanda muke shukawa ɗan uwan tabar wiwi ne na jini, ganyensu iri ɗaya, warinsu ma kusan ɗaya, amma an zaɓo irinsa ta yadda sinadarin da ke bugarwa, wato THC, bai taka kara ya karya ba a cikinsa. Ma'aunin da aka daɗe ana bi a Birtaniya shi ne kada ya wuce kashi 0.2 cikin 100. Ko mutum ya zuƙe gonar kaf, ciwon kai kawai zai kwasa. Kara da ƙwaya muke nema: kara don zare da kayan gini, ƙwaya don mai. A Najeriya kuwa doka ba ta raba su ba, wiwi wiwi ne a wajen NDLEA, kowane iri ne, don haka kada wani ya karanta wannan ya nufi fadamar gidansu.

Kamfanin namu ƙarami ne. Hayar gona nake yi, maiɗakina ce ke riƙe da lissafi da ciniki, manyan injuna kuma na wani maƙwabci ne da muke biya ya yi mana aiki. Namu na kanmu bai wuce injin matse mai, da na'urar busarwa, da sito ba.

Shukar ba baƙuwa ba ce a nan. A shekarar 1533 Sarki Henry na Takwas ya yi doka cewa duk manomin da ke da eka 60 na noma sai ya ware rubu'in eka ya shuka wannan wiwi ko wata shukar zare da ake kira flax, saboda jiragen ruwan yaƙi na buƙatar igiya da filafilai. Daga baya dokokin hana miyagun ƙwayoyi suka haɗa shi da na sha suka rufe, dokar 1971 ta ƙara ɗaure zancen, sai a 1993 aka sake buɗe ƙofa ga mai lasisi. Har yau ba ma'aikatar gona ke ba da lasisin ba, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce, ofishin da ke kula da ƙwayoyi. Lokacin da na nema fam 580 ake biya a karon farko, sabuntawa fam 326, kuma sai an binciki tarihinka ko ka taɓa aikata laifi. Irin da za ka shuka dole ya fito daga jerin da aka amince da su, ka kuma adana takardun buhunan.

Abin da ke ci wa manoma tuwo a ƙwarya shi ne ganye da fure. Doka ta ce ba za su bar gonar ba, sai dai su ruɓe a nan ko a lalata su. Alhali a cikinsu ne ake samun CBD, man da ake sayarwa a kantunan magani na kowane gari a Ingila, wanda ake shigowa da shi daga waje. A 2019 wata gona a Oxfordshire ta lalata eka 40 na amfaninta da hannunta bayan an hana ta sabon lasisi. A ganina wannan doka ba ta kare kowa daga komai, manomin ƙasashen waje kawai take azurtawa. Amma doka ce, muna bi.

Da doka za ka iya zama lafiya idan ka cika takardu. Ruwan sama ne ba ya karɓar takarda.

Wiwi yana son danshi amma ba ya jure kwana a cikin ruwa. Idan ƙasa ta daskare saboda tayar tarakta, ruwa ya kwanta, tsiron zai yi rawaya ya tsaya cak, kuma ba zai farfaɗo ba. Shi ya sa ba na gaggawar shuka. Ina jira ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, sai ƙasa ta yi ɗumin da ya kai digiri 8 zuwa 10, ta kuma sha iska har tana marmashewa a hannu. Wanda ya riga kowa shuka a ƙasa mai sanyi, tantabarun daji yake yi wa walima, don iri ya daɗe bai fito ba sai su tsince shi layi-layi. Idan zare ake so ana cika iri, kilo 50 ko fiye a kadada, don tsirrai su matsu su miƙe siriri ba rassa. Idan ƙwaya ake so, kusan rabin haka ya isa.

Daga Yuni kuma sai ka ga ikon Allah. A nan hasken rana yakan kai awa 17 a tsakiyar Yuni, inda a Kano bai cika awa 13 ba. Shukar tana amfani da wannan dogon yini ta yi ta tsawo, ta rufe ƙasa ruf, ciyawa ta mutu a ƙarƙashinta don rashin haske. Ba na fesa maganin ciyawa, ba na fesa na ƙwari. Zuwa Agusta irin zare yakan kai mita uku, wani wurin har ya wuce. Baƙon da ya zo gonar a wannan wata sai ya ɗauka kuɗi ne ke tsirowa. Ni kuwa a lokacin nake fara rasa barci.

Dalili shi ne shukar ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta, kuma a wannan ƙasa gajartar yini tare take zuwa da sanyi da yayyafi. Irin Faransa, kamar Futura 75, yana ba da kara mai yawa amma yana jinkirin nuna. Kafin ƙwayarsa ta ƙosa an shiga Oktoba, kan shukar ya jiƙe sharkaf, funfuna mai launin toka ta shiga ta cinye shi daga ciki. A yankin Aube na Faransa, inda noman ya fi ƙarfi a Turai, suna cire ƙwaya da kara daga gona ɗaya saboda yanayinsu ya fi namu bushewa. Masu shigowa sana'ar a nan da yawa suna karanta labarin Faransa su ce su ma biyu za su ci, sai su tashi ba tsuntsu ba tarko. Ni raba gona nake yi. Ɓangaren ƙwaya ina sa Finola, irin ƙasar Finland, gajere mai saurin nuna, wanda ake iya girbewa a Satumba. Ɓangaren kara kuma na yanke shi a Agusta, ban jira ƙwayarsa ba.

Bayan yanka ne ainihin gwanintar take. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa karan rama a kududdufi kafin a saɓule zaren a tuƙa igiya, ya san abin da muke nema: a bar ɗanƙon da ya manne ɓawo da itacen ciki ya ɗan ruɓe, ba tare da zaren ya ruɓe ba. Mu ba ma kai shi ruwa. Shimfiɗa shi muke a gona, raɓa da yayyafi su yi aikin, muna juya shi don kowane gefe ya samu. Yakan ɗauki makonni biyu zuwa shida, ya danganta da sama. Karan yana sauyawa daga kore zuwa rawaya, daga nan zuwa toka-toka. Kana karya shi ka ga ɓawon ya rabu da itacen cikin sauƙi, to ya yi. Daga wannan lokaci kuma ruwan da ya taimake ka ya zama abokin gaba, don kana buƙatar 'yan kwanaki a jere na rana da iska kafin danshin karan ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 a ɗaure shi. Aka ɗaure da laima, damin zai yi zafi a sito ya yi baƙi. Aka jira rana ba ta zo ba, zaren ya ci gaba da ruɓewa har ya riƙa tsinkewa a hannu. A 2023 Yuli ya zo da ruwa, kaka ta zo da wanda ya fi shi, guguwar Babet ta sauka a Oktoba. Akwai karan da na bari a gona aka yi huɗa da shi ya koma taki, don babu masana'antar da za ta saye shi.

Ƙwaya ita ma ba ta ɗaga ƙafa. Ana girbe ta da ɗanyen ganye a haɗe, kuma idan ta kwana a tirela za ta yi zafi, man cikinta ya lalace. Ranar da aka yanka, ranar take shiga na'urar busarwa, da iska mai ɗumi kaɗan, har danshinta ya koma kashi 8 ko 9. Maƙwabcina mai injin girbi yana ƙara mini kuɗi a kan wiwi, kuma ban ga laifinsa ba: zaren yana naɗe kowane ƙarfe mai juyawa, idan ba a tsaya an yanke shi ba yana iya tayar da gobara a cikin injin.

Kadada mai kyau takan ba da kamar tan ɗaya na ƙwaya, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta mai ne. Muna matse shi ba tare da zafi ba, ya fito kore, mu zuba a kwalba mai duhu don haske yana ɓata shi. Ba man suya ba ne, na zubawa a kan abinci ne. Tunkuzar da ta rage muna niƙa ta gari mu sayar wa masu neman abinci mai gina jiki. A nan ne ribar kamfanin take, don mu ke sa farashi.

Kara kuwa mai saye ke sa farashi. Kadada takan ba da tan shida zuwa takwas, amma dami ne mai cin wuri ba nauyi, kuɗin mota yana cinye ribar idan tafiyar ta yi nisa. Masana'antun da ke raba zare da itace a duk ƙasar ba su da yawa, kuma kasancewar akwai su a Yorkshire ne ya sa na kama gona a nan. Zaren yana tafiya cikin katifu, da rufin da ke tsare ɗumin ɗaki, da bangon ƙofar mota. Itacen cikin, wanda ya fi rabin nauyin karan, ana shimfiɗa wa dawakai, ko a kwaɓa shi da farar ƙasa a yi bangon gida. Magina suna yawan kira na suna tambayar buhu ashirin ko talatin na itacen, sai in tura su masana'anta, don injin da ke raba shi ya fi ƙarfin aljihuna. Tun kafin in sayi iri nake sa hannu a yarjejeniya da mai sayen kara, a rubuta tan nawa, danshi nawa, da wanda zai biya mota. Shekarar da ban samu wannan takarda ba, sha'ir nake shukawa a ɓangaren karan.